Rajistar aikin tsohuwar Land Rover 109 a Aboabo: neman littafi da lambobin kaya

9 ga Janairu, 2025

Motar a-kori-kura ce, Land Rover Series III doguwa, mai tazarar inci 109 tsakanin aksul ɗin gaba da na baya. Injin fetur mai silinda huɗu, sitiyari a hagu, takardu sun ce ƙirar 1976 ce. Tana ajiye a wani gareji a Aboabo, nan Kumasi. Shawarar da aka tsayar ita ce ba za a sayi ko noti ɗaya ba sai an haɗa littattafanta, an kuma karanta duk lambobin da ke jikinta.

An fara da lambar shasi. Wuri biyu take: a kan farantin da ke cikin gidan direba, jikin bangon da ya raba shi da injin, da kuma a kan hannun ƙarfen da ke riƙe sifirin na gaba ta dama. Faranti kowa na iya kwance shi ya maƙala wa wata mota, saboda haka ta jikin shasi ce abin dogaro. Bugunta ba shi da zurfi. Buroshin waya da kananzir sun isa, sai a goga alli a share da tsumma, a haska tocila daga gefe. Kada a kusanto da injin gurza ƙarfe, minti ɗaya ya ishe shi ya cinye lambar har abada.

Lambobin biyu sun yi daidai, kuma da 914 suka fara. A tsarin kamfanin kafin ƙarshen 1979, lambobi ukun farko su ne ke faɗin irin motar. Ga 109 mai fetur da silinda huɗu: 911 ta kasuwar Ingila, 912 ta fitarwa waje mai sitiyari a dama, 913 mai sitiyari a dama da aka aiko a warware cikin akwatuna, 914 ta fitarwa mai sitiyari a hagu, 915 ta hagu da aka aiko a warware. Masu dizal su ne 916 zuwa 920. Bayan lambobin akwai harafi ɗaya a ƙarshe, a rubuta shi, domin kundin kaya yana yawan rarrabewa da shi.

Wannan batu na hagu da dama yana da nauyi a nan. Gana ta koma tuƙi a hannun dama ranar 4 ga Agusta, 1974, Series III kuwa ta fito tun 1971. Ke nan a wurin 'yan gwangwan akwai gawarwakin iri biyu a cakuɗe. Akwatin sitiyari da hannuwan sitiyarin da ke jikin ƙafafun gaba ba sa shiga daga wannan zuwa waccan.

14 ga Janairu

Littattafai uku ake bukata, kuma ba darajarsu ɗaya ba.

Na farko littafin gyara na kamfani, mai koren bango, lambarsa AKM3648. Shi ke ba da matakan kwancewa da ɗaurewa, da ƙarfin ɗaurin kowane noti, da iyakar cin da ƙarfe zai yi kafin a jefar da shi. An rubuta shi ne don bakaniken da ya riga ya san aiki, babu lallashi a ciki.

Na biyu kundin kayan gyara, RTC9841CE. A ganinmu wanda zai sayi ɗaya tak, wannan zai saya. Kowane sashe an zana shi a warware, ƙarfe bayan ƙarfe bisa jerin shigarsu, kowanne da lambarsa, a gefe kuma an rubuta daga wace lambar shasi ko ta inji ko ta aksul yake aiki, zuwa wace. Littafin gyara zai ce a mayar da wasa, kundin ne zai nuna wasa nawa ne, wanne ke gaba, wanne ke baya. Motar da ta shekara kusan hamsin tana wucewa ta hannun kanikawa, sau da yawa abin da ya ɓace a jikinta sai a zanen ake gane cewa da ma akwai shi.

Na uku littafin Haynes. Hotunansa na da amfani ga yaran gareji, amma ya haɗa Series II da IIA da III a bango ɗaya, mai gaggawa yana iya ɗaukar adadin wata ya ɗora wa wata. Ana duba shi don ganin hoto, adadi kuwa daga na kamfani ake ɗauka.

Duka ukun ana samunsu a intanet, an ɗauki hotunan shafukansu. Da lambar littafin ake nema, neman da sunan mota kawai yana jawo tarkacen Defender, Land Rover ta baya-bayan nan, da ba su shafe mu ba.

18 ga Janairu

An kai fayilolin wani shagon buga takardu kusa da jami'ar KNUST. Kafin a biya kuɗin bugu an bi littafin gyaran sashe-sashe, domin irin waɗannan kwafin sun saba zuwa da giɓi. Sassansa lamba gare su: 04 bayanan ma'auni, 05 saitin inji, 06 ƙarfin ɗauri, 09 man shafawa, 12 inji, 19 fetur, 26 ruwa, 33 kuloci, 37 giya, 51 aksul ɗin baya, 54 na gaba, 57 sitiyari, 70 birki, 86 lantarki. Kwafin farko babu rabin sashe na 70, aka cike daga wani.

An buga a babbar takarda, an ɗinke da zoben roba don ya buɗe ya kwanta a kan bonet. Shafukan 05 da 06 da zanen wayoyi an rufe su da leda mai kauri, su ne hannu mai baƙin mai ya fi taɓawa. A waya ma akwai kwafi, sai dai da ƙurar hunturun nan da hasken rana babu mai iya karanta ƙaramin adadi a fuskar waya yana kwance ƙarƙashin mota.

25 ga Janairu

Lambar inji tana gefen hagu na bulok, can gaba, a kan wani ɗan fili da aka goge. Injin fetur na 1976 ya kamata ya fara da 901 in matsinsa, wato yawan matsewar da fistin ke yi wa iska da fetur a silinda, 8:1 ne, ko 904 in 7:1 ne. Wannan da 364 ya fara. Ba injinta na asali ba ne.

Jerin 361 da 364 na injin da aka sake wa fasali ne wajen 1980, wanda karanshaf ɗinsa ke zaune a kan mazauni biyar maimakon uku. Girmansa bai canja ba, 2,286cc ne, faɗin silinda milimita 90.47, tafiyar fistin 88.9. Ana gane shi ko babu lamba: jikin bulok ɗin yana da jijiyoyin ƙarfe da suka fito a gefe, tsohon kuwa sumul yake. Masu cewa a duba fenti, ja ko shuɗi-shuɗi, su bar wannan magana, babu injin da ya kwana a Suame Magazine, unguwar kanikawa da masu kayan mota ta Kumasi, bai sha fenti ba.

Abin da wannan ya canja a jerin sayayya yana da yawa. Metal ɗin karanshaf saiti biyar ne. Sil ɗin bayan karanshaf na tsohon inji a tsage yake, ana naɗa shi a kan ƙarfen a rufe da maƙalai biyu, na wannan kuwa zobe ne guda da ke zama a gidan fulawil. Wanda ya yi oda da shekarar da ke takardar mota, kayan tsohon inji za a aiko masa. Kwafin littafin da aka buga tsohon bugu ne, bai san wannan inji ba. Bugun baya na AKM3648 yana ɗauke da ƙarin shafuka a kansa, an samo su an ɗinka a ƙarshe.

Bai ƙare nan ba. Lambar 364 tana nufin matsi 7:1, amma a saman kan injin, tsakanin murfin bawul da kafireta, akwai ɗan tudu mai kusurwa huɗu da aka buga masa 8. Wani ya taɓa sauya kan. Tunda kai ne ke yanke matsi, saitin 8:1 za a bi: fulogi irin Champion N12Y, ba N8 na 7:1 ba.

1 ga Fabrairu

Ƙorafin da aka kawo motar da shi har da cewa giya ta ɗaya da ta biyu suna ƙara in an sa su, wai sinkuro, abin da ke daidaita gudun giya kafin ta shiga, ya mutu. An ɗaga faifan ƙasan gidan direba aka duba. Silindar kuloci ta ƙasa tana tsaye ne a kan wani maƙali ta dama, tana juya sanda da ta ratsa cikin gidan kuloci. A Series III silindar a kwance take ta hagu, tana tura cokali kai tsaye. Wannan giyar ta Series IIA ce, ƙirar da ta gabaci Series III.

Giyar IIA ba ta da sinkuro a ta ɗaya da ta biyu tun daga masana'anta, a ta uku da ta huɗu kawai yake. Babu abin da ya mutu. Direba ne zai koyi taka kuloci sau biyu: ya taka ya fito fili, ya saki, in saukowa yake ya ɗan ba da totur, ya sake takawa ya shiga. Tsofaffin direbobin katako ba sa bukatar a gaya musu. Kanikawa da yawa suna ganin ta fi ta farkon Series III ƙarfi, shi ya sa ake samunta a motocin da suka yi dako. Ba za a sauya ta ba.

Sai dai ta jawo littafi na huɗu, kundin kayan IIA, RTC9840CE, da sashen giya na littafin gyaran IIA. Ta kuma canja odar kuloci. Abin da ke tura kuloci a IIA yana bukatar murfi mai ɗan tudun ƙarfe a tsakiyar yatsunsa, murfin Series III ba shi da shi. In aka ɗaura na Series III, komai zai shiga lafiya, sai an gama an mayar da giya a tarar kuloci ba ya yankewa, a sake saukewa.

Yanzu a bangon gareji an manna takarda mai layi huɗu: shasi, inji, giya, aksul, kowanne da lambarsa da kundin da za a buɗe masa.

8 ga Fabrairu

Batun sufana. Zare iri uku ne a jikin motar. Bodi da yawancin inji UNF ne, masu kan inci. Giya da aksul suna da ragowar BSF, masu kan Whitworth, tsohon ma'aunin Ingila. Injin baya-bayan nan ya fara shigo da na milimita, ƙusoshin taya kuma M16 ne, notinsu 27.

Lissafin da ya kamata yaro ya haddace: 7/16 milimita 11.1 ne, 1/2 kuwa 12.7, 9/16 kuma 14.3. Sufana 13 tana shiga kan 1/2 da ɗan wasa, in notin ya yi tsatsa sai ta murje kusurwoyinsa. Ta 14 ba ta shiga notin furofela mai 9/16 sai da guduma. Na Whitworth sun fi ban haushi: 1/4 milimita 13.3 ne, 5/16 kuma 15.2, babu sufanar inci ko ta milimita da ke zama daram a kansu. An samo tsofaffin sufanun Whitworth guda huɗu a tulin kayan hannu a Magazine, da soket 52 na notin hob. Duk notin da aka kwance yana shiga gwangwanin da aka rubuta wa sunan wurinsa.

15 ga Fabrairu

Zuwa Suame Magazine da jerin farko. Abin da ya tabbata shi ne lamba ita kaɗai ba ta sayen kaya a can, tsohon kaya shi kaɗai ma yana yaudara, tunda mai yiwuwa ne wanda aka ciro ɗin ma ba shi ne na wurin ba. Ana tafiya da uku: shafin kundin, tsohon kayan a leda, da ma'aunin baniya.

A wata rumfa ta wani dattijo mai tsofaffin kayan Land Rover, yaron gareji ya ce, “Baba, sil ɗin hob muke nema, na 109.” Dattijon bai tashi ba, ya ce, “Wanne daga ciki, ɗana? Miƙo tsohon.” Ya zaro biyu daga wata tsohuwar gwangwanin madara ya jera a tafin hannunsa, ya ɗora namu a kan kowanne. Da ido kusan ɗaya suke. Na kafin tsakiyar 1980 shi ne RTC3510, na bayanta RTC3511, kuma ba sa musanya.

Nan ne aka gane ƙafar gaba ta hagu ta bambanta da sauran ukun. A tsohon tsari boris biyun hob ba girmansu ɗaya ba, na ciki ya fi girma, kuma sil yana gudu ne a kan wani zoben ƙarfe da ake iya cirewa daga jikin sandar aksul. A sabon tsari boris biyun iri ɗaya ne, LM603049 da kwanonsa LM603011, zoben kuma babu shi. Ƙafa uku tsohon tsari ne, ɗaya sabo. Ke nan sil uku na farko, ɗaya na biyu.

Zoben nan shi ne sirrin hob mai yoyo. A ja farce a kansa, in farcen ya faɗa rami, sabon sil ba zai yi wata guda ba mai zai sake zubowa kan takalmin birki. Ana tsaga shi da kurfi a hankali, a buga sabo da bututu mai faɗinsa, a shafa ɗan gam a ƙarƙashi. Biyu daga cikin uku sun ci.

Boris kuwa da lambar da ke jikinsa ake nemansa a wurin masu boris, ba da lambar Land Rover ba. Ya fi sauƙin samu, ya fi araha, kuma mutum na iya zaɓar kamfanin da ya yarda da shi. Wani abin lura: lambobin kamfani suna canjawa. Tsohon kundi zai ba da lamba shida zalla, dillalan yau kuma sun san kayan da sabuwar lamba mai farawa da RTC ko STC. A jerinmu kowane kaya layi biyu gare shi, tsohuwa da wadda ta gaje ta.

22 ga Fabrairu

Aksul ɗin baya Salisbury ne, kamar yadda ya kamata ga 109 ta wannan zamani. Alamarsa murfin ƙarfe a baya mai ƙusoshi kewaye. Na gaba irin Rover ne, wanda ake zaro difiranshal ɗinsa gaba ɗaya ta wajen furofela. Shaf ɗin Salisbury haƙora 24 gare shi, difiranshal ɗin Rover na lokacin 10.

An gwada rabon juyi ba tare da an buɗe komai ba. A toshe tayoyi da dutse tukuna, domin birkin hannu na wannan mota a bayan giya yake, yana kama furofela ne, da an ɗaga ƙafar baya ɗaya ya daina riƙe mota. A sa jan liba na giyar tsakiya, mai raba ƙarfi ga gaba da baya, a fili, a saki birkin hannu, a ɗaga ƙafa ɗaya, a yi alama da alli a taya da furofela. A juya tayar sau biyu cif ana ƙirga juyin furofela. Gaba da baya duk sun ba da huɗu da kusan kashi uku cikin huɗu, wato 4.7.

Gwajin ya yi rana. Difiranshal ɗin gaba yana da wasa a finiyon, aka kawo wani na hannu mai tsabta, ya yi kama da shi ta ko'ina, haƙoran shaf 10. Da aka ƙirga, babban faifai 46, finiyon 13. Na tsohuwar Range Rover ne, 3.54. Namu 47 da 10 ne. Zai ɗauru, kuma a kan kwalta da taya biyu ba za a ji komai ba. Ranar da aka danna rawayan liba mai shigar da taya huɗu a laka, gaba na neman gudu, baya na jan ƙafa, sai shaf ko giyar tsakiya ta biya. An mayar da shi. Za a sa wa namu sabon boris.

8 ga Maris

Azumi ya kama, aikin ƙarƙashin mota ya ragu, an koma na tebur.

An mayar da adadin littafi zuwa ma'aunin da ke kan kayan aikinmu. Fam-ƙafa ɗaya Nm 1.356 ne. Manyan ƙusoshin kan injin fetur 65 ne, wato Nm 88. Na dizal 90 ne, kuma layukan biyu suna kusa da juna a shafin, a ja layi ƙarƙashin na fetur. Fayint ɗin littafin na Ingila ne, lita 0.568, ba na Amurka mai 0.473 ba.

Mai: inji lita 6.85 har da filta, 20W50. Sauran duk man giya EP90: giya 1.5, giyar tsakiya 2.5, difiranshal ɗin gaba 1.75, Salisbury kimanin 2.5, ƙwallon kowace ƙafar gaba rabin lita. Da akwatin sitiyari, lita 10 za a saya. A nemi mai alamar GL4 saboda tagullar da ke cikin giya. Ƙwallayen gaba an tarar an cusa musu giris. Bushin sama da mahaɗar shaf da ke ciki mai suke so ya fantsama musu, giris yana komawa gefe ya bar su a bushe. Aka saba cusa shi ne don ɓoye yoyon ƙwallon da tsatsa ta huda.

Wayoyi suna bin launin motocin Ingila: ruwan ƙasa wuta kai tsaye daga batir, fari wutar makulli, kore wutar makulli bayan fiyus, shunayya wutar dindindin bayan fiyus, baƙi ƙasa, ja ƙananan fitilu, shuɗi da fari babbar fitila, shuɗi da ja ƙaramar, kore da shunayya fitilar birki, kore da ja sigina ta hagu, kore da fari ta dama. A bayan dashbod rabin wayoyin jajaye ne na gida da wani ya ƙara. Fiyus huɗun an rubuta musu 35, amma a tsarin Lucas wannan adadin da suke ƙonewa ne, abin da suke ɗauka a kullum 17 ne. Sa fiyus na zamani mai 35 a wurin daidai yake da ɗaura waya.

22 ga Maris

Birki. Ganga inci 11 gaba da baya. Gaba silinda biyu a kowace ƙafa, 243743 da 243744 gwargwadon gefe. Baya silinda ɗaya, 243296 da 243297, waɗanda su ne kuma na gaban gajeriyar 88 mai ganga inci 10, saboda haka in mai kaya ya ce na 109 ya ƙare a tambaye shi na gaban 88. Takalmin gaba na mai silinda shida ya fi faɗi, inci 3, a auna kafin a karɓa.

Takalman baya biyu ba ɗaya ba ne, akwai na gaba akwai na baya, kuma ƙusar da madaidaici ke turawa ba wuri ɗaya take a jikinsu ba. A ƙafar dama an tarar an juya su. Alamar hakan feda mai nutsewa a takun farko ta tashi a na biyu, a yi ta fitar da iska ba ta gyaru ba. Zanen kundin ya fi littafin gyara nuna wannan.

Gaban 109 yana da nasa hali wajen fitar da iska. Bakin fitarwa yana kan silindar ƙasa, iska kuwa sama take taruwa. Dabarar ita ce a sassauta madaidaitan gaba ɗaya, ko a matse fistin ɗin ciki da maƙali, don ramin da iska za ta ɓuya ya ragu, a fitar, sannan a daidaita takalma. Ruwan birki DOT 4.

Bututu 3/16 ne, kawunansa 3/8 UNF a wannan shekarar, motocin baya kuma sun shigo da M10. Haɗarin shi ne kan 3/8 yana shiga ramin M10 har ya yi kamar ya ɗauru, tunda milimita 9.5 ne a ramin 10 kuma tazarar zarensu ta yi kusa. Yana iya riƙewa a gareji ya fice a gangara. Wata silinda da aka saya sabuwa a kwali ta zo da ramin milimita alhali lambar kwalin ta tsohon zare ce. Gwajin da hannu ne: kan da ya dace yana shiga ba ya girgiza tun juyi na biyu. An mayar da ita aka karɓo wata.

5 ga Afrilu

Bayan Sallah an tayar da inji. Tafet milimita 0.25 duka takwas, da zafi ko da sanyi, an ma rubuta a farantin da ke kan murfin. Ana bi da lissafin tara: bawul na 8 ya buɗe sosai a saita na 1, na 7 a saita na 2, haka har ƙarshe. Jerin wuta 1-3-4-2, silinda ta ɗaya tana wajen lagireto, rota tana juyawa saɓanin agogo.

Distirbuta Lucas 45D ce, an buga a jikinta. Kwantak ɗinta da murfinta ba sa shiga 25D ko Ducellier, duk kuwa da cewa ukun ana samunsu a wannan inji. Tazarar kwantak 0.35 zuwa 0.40, ta fulogi 0.75 zuwa 0.80. Ga matsi 8:1 littafi ya ba da wuta daidai kan alamar sama da fetur mai lamba 90, na gidajen man nan kuwa 91 ne, aka saita a nan.

Ya tashi, amma da baƙin hayaƙi, kuma sukurun iska ko an ɗaure shi ƙarshe inji bai damu ba. Kafireta Zenith 36IV ce, wannan kuwa tsohuwar cutarta ce: fuskokin da ke haɗuwa suna lanƙwashewa da zafi, zoben robar da ke tsakiya ya bushe, fetur ya riƙa zurarewa ta gefe. An shimfiɗa takardar yashi mai laushi a kan gilashi, an shafa wa fuskar baƙar alama, ana gogawa a zagaye har alamar ta goge ko'ina. An sa sabon zobe. Hayaƙin ya ɗauke, sukurun ya dawo yana aiki.

19 ga Afrilu

An haɗa ƙafafun gaba. Wasan hob 0.05 zuwa 0.10. Taurin juyawar ƙwallo ana auna shi da sikelin rataye a ramin hannun sitiyari kafin a sa babban sil, a ƙara ko a rage siraran faranti a ƙarƙashin fil ɗin sama har ya nuna kilo 3.6 zuwa 4.5. Sikelin masu sayar da hatsi ya yi aikin.

Maƙalar sitiyari da ke cikin gindin shasi na gaba a bushe take. An cire ƙusa biyu na samanta, ana ɗiga EP90 ta ɗaya iska na fita ta ɗayar, ya ɗauki yini. Akwai sifirin mai ƙarfi a matse a cikinta, littafi ya yi gargaɗi a kai, ba a buɗe ta ba.

Abin da Magazine ba ta da shi an tura jerinsa kasuwar kayan mota ta Abossey Okai a Akra, da lambobi da hoton kowane kaya kusa da ma'auni: murfin kuloci irin na IIA mai inci 9.5, sil ɗin bayan karanshaf na mai mazauni biyar, boris ɗin finiyon. Ƙwallon ƙafar dama, wanda tsatsa ta huda daidai inda sil ke bi, daga Ingila za a yi odarsa tare da bushi da fil, a haɗa da kayan wani mai kwantena da ke sauka a Tema. Ruwa ya fara sauka, an ja motar ƙarƙashin rumfa an rufe gidan direba da tamfol. Da zarar kulocin ya iso za a sauke giya, a canja sil ɗin karanshaf a lokaci guda tunda hanyarsu ɗaya.